Kod ɗin haraji ya rikice bayan canjin aiki a Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

Da wuya a yi wata guda wani daga cikin mutanenmu bai tare ni bayan sallar Juma'a ba, waya a hannu, yana nuna mini takardar albashi: "Malam, duba mini, na koma inda ake biya da kyau amma abin da ya shigo banki bai kai na da ba." Yawanci ba a cuce shi a albashi ba. Wasu 'yan lambobi da haruffa ne a saman takardar suka canja, abin da Turawa ke kira tax code, mu kuma muke cewa kod ɗin haraji. Tambayoyin nan su ne suka fi maimaituwa. Alƙaluman da ke ciki na Ingila da Wales da Ireland ta Arewa ne. Sikotland tana da nata matakan haraji, ko da yake hanyar gyara ɗaya ce.

Mene ne kod ɗin haraji, kuma a ina zan ga nawa?

Umarni ne a taƙaice da hukumar haraji ta Birtaniya, HMRC, ke bai wa wurin aikinka: ga yawan kuɗin da ba za a taɓa ba a shekara, ga yadda za a yanki sauran. Tsarin yanke haraji daga albashi kafin ya zo hannu, PAYE, tun 1944 ake yin sa a ƙasar. Mu ma da muka yi aikin albashi a Najeriya mun san PAYE, amma can ofishin akanta ne ke yin lissafinsa ya miƙa wa hukumar tara haraji ta jiha, ba a ba kowa kod. Shi ya sa da yawanmu ba ma kallon wurin.

Kod ɗin da yawancin ma'aikata ke da shi 1257L ne. Ƙara sifili a bayan lambar, ka samu fam 12,570, wato rangwamen da ake yafe wa mutum a shekara. Tun Afrilun 2021 yana nan bai motsa ba. Abin da ya haura wannan ana yankar kashi 20 cikin ɗari har zuwa fam 50,270, daga nan kashi 40 har zuwa fam 125,140, sama da haka kashi 45. Shekarar haraji kuma daga 6 ga Afrilu take farawa ta ƙare 5 ga Afrilun baɗi, ba ruwanta da Janairu. Za ka ga kod ɗinka a takardar albashi, da P45 (takardar barin aiki), da P60 (takardar jimillar albashi da harajin shekara), da wasiƙar HMRC mai suna P2, da kuma manhajar HMRC a waya.

Wa ke ba da kod ɗin, kamfanina ko gwamnati?

HMRC ce. Ofishin albashi ba shi da ikon canja maka kod don ka roƙe shi, ko da shi ma ya ga kuskure ne ƙiri-ƙiri. Abin da doka ta ɗora masa shi ne ya yi aiki da abin da ke kan P45 ɗinka ko fom ɗin da ka cike ranar fara aiki, har sai HMRC ta aiko masa da wani. Na sha ganin mutum ya kwashe makonni uku yana zarya wurin manaja yana faɗa, alhali kiran waya ɗaya zuwa HMRC ko minti goma a manhaja sun isa. Inda kamfani ke shigowa shi ne idan an aiko masa da sabon kod bai saka ba, ko ya shigar da bayananka ba daidai ba. Wannan yana ƙarƙashin tambayar da ta shafi wanda laifi ke wuyansa, can ƙasa.

Me ya sa canjin aiki ne ya fi rikita shi?

Domin a 'yan makonnin nan bayanai daga wurare biyu suke tsere zuwa kwamfutar HMRC. Tun 2013 kowane kamfani ke tura bayanin albashi duk ranar biya ko kafinta. Idan sabon wurin ya riga ya sanar cewa ka fara, tsohon bai sanar cewa ka tafi ba, na'ura za ta ɗauka aiki biyu gare ka. Sai ta bar rangwamenka a tsohon wurin da ba ya ba ka ko sisi, ta ɗora wa sabon haraji tun daga fam na farko.

Sauran dalilan: P45 bai iso kafin a rufe lissafin albashin farko ba, ka zaɓi harafin da ba naka ba (A ko B ko C) a fom ɗin fara aiki, an rubuta suna ko ranar haihuwa ko lambar inshorar ƙasa (National Insurance) saɓanin abin da ke hannun HMRC. Wannan na ƙarshe ya fi kama mu. Muhammad a fasfo, Mohammed a kwantiragi, sunan uba a gurbin sunan mutum, sai a wayi gari mutum ɗaya yana da rajista biyu. Akwai kuma wanda tsohon wurinsa ya ba shi motar kamfani ko inshorar asibiti, ya bar aikin, amma ana ci gaba da rage masa rangwame saboda motar da ya mayar tuntuni.

Na ga BR ko 0T a takardata. Nawa nake asara?

BR na nufin a yanki kashi 20 daga kowane fam, babu rangwame. Ɗauki mai albashin fam 2,000 a wata. Da 1257L, wajen fam 1,048 ba a taɓawa, harajinsa kimanin fam 190 ne. Da BR harajinsa fam 400 ne. Bambancin wajen fam 210 kowane wata, a shekara fam 2,514. Ga wanda ke biyan haya yana kuma tura na cefane gida, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

0T ma babu rangwame, amma shi yana hawa matakai. A albashin fam 2,000 daidai yake da BR. A albashin fam 4,000 a wata kuwa, BR zai ɗauki fam 800, 0T ya ɗauki wajen fam 972, alhali da 1257L kimanin fam 590 ya kamata. 0T shi ake saka wa wanda bai kawo P45 ba bai kuma cike fom ba. D0 kashi 40 ne a kan komai, D1 kashi 45. Ka lura dai, BR ba kullum kuskure ba ne. Ga aiki na biyu sau da yawa shi ne daidai, kamar yadda amsar masu aiki biyu ta bayyana.

Nawa 1257L ne amma da M1 ko W1 ko X a bayansa. Ai lafiya ke nan?

Wannan ne ake kira kod na gaggawa. A ƙa'ida ana lissafin haraji a tare ne tun daga 6 ga Afrilu: duk wata ana haɗa abin da ka samu da rangwamen da ya taru, a ga ko an ci maka ko ka ci. Idan aka saka M1 ga masu albashin wata, ko W1 ga masu na mako, ko X, an yanke wannan igiyar. Kowane wata zaman kansa yake yi, kamar ba ka taɓa aiki kafinsa ba. Wasu takardun albashin NONCUM suke rubutawa.

Idan ka bar wancan aiki ranar Juma'a ka fara wannan ranar Litinin da kusan albashi ɗaya, bambancin kaɗan ne. Inda yake ciwo shi ne in ka yi zaman jira. Wata ƙanwarmu ta yi aiki Afrilu da Mayu da Yuni a kan fam 2,000, an yanke mata wajen fam 571 gaba ɗaya. Ta zauna wata uku tana jiran takardun sabon wuri, ta fara a Oktoba. Da kod ɗinta na tarawa ne, rangwamen wata bakwai ya kai kimanin fam 7,333 a kan fam 8,000 da ta samu, harajin da ake binta bai wuce fam 134 ba, sai a mayar mata da wajen fam 438 a albashin Oktoba. Da M1 aka sake yanke mata fam 190. Fam 628 ke nan tsakanin abin da ta karɓa da abin da ya kamata ta karɓa, a watan da ta fi kowa buƙata.

Tsohon wurina bai ba ni P45 ba. In jira?

Kada ka jira. Wajibi ne a kansu su ba ka, kuma ka ci gaba da tuna musu a rubuce, amma kafin nan ka nemi fom ɗin sabon ma'aikaci daga sabon wurin ka cike kafin a rufe lissafin albashin farko. Tsofaffin hannu har yanzu P46 suke ce masa, duk da an daina amfani da wancan tun 2013.

Idan P45 ya iso, sashe na 1A naka ne ka adana, na 2 da na 3 ka miƙa wa sabon wurin. Yanzu da yawa ta imel ake turo shi. Yana ɗauke da ranar barin aiki, da kod ɗinka, da jimillar albashi da harajin da aka yanke tun farkon shekarar. Ba a sake bugo shi in ya ɓace, amma alƙaluman suna cikin asusunka na HMRC. Abu ɗaya da ke ba mutane mamaki: idan tsohon wurin ya biya ka kuɗin hutu ko ragowar albashi bayan ya riga ya fitar da P45, da 0T zai yanki harajin. Haka doka ta ce, ba mugunta ba ce, kuma lissafin zai daidaita daga baya.

A fom ɗin akwai A da B da C. Wanne zan zaɓa?

Nan ne rabin matsalolin suke farawa, domin ana ba mutum fom ɗin a tsakiyar tarin takardu ranar farko, yana sauri ya sa hannu.

A na wanda wannan ne aikinsa na farko tun 6 ga Afrilu, bai karɓi fansho ko tallafin marasa aiki mai haraji ba. Shi za a ba shi 1257L cikakke. B na wanda wannan ne kaɗai aikinsa yanzu, amma ya yi wani a cikin shekarar nan. Zai samu 1257L da M1 ko W1 har HMRC ta daidaita. C na wanda yake da wani aikin da yake ci gaba da yi ko yake karɓar fansho. Shi BR ne nasa. Mai canjin aiki na sosai, B ne nasa.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Na bar wani gidan kula da tsofaffi, saura mini kwana huɗu na cika wa'adin sanarwa lokacin da aka miƙo mini fom a sabon wuri. Na ce ai gaskiya har yanzu ina da wani aikin, na zaɓi C. Wata biyu ina kan BR ban lura ba, sai da maiɗakina ta ce kuɗin nan ba sa kai mu ƙarshen wata. Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne zaɓen A don an ji shi ne "mai daɗi". Wanda ya yi aikin wata shida ya zaɓi A, za a sake ba shi rangwamen da ya riga ya cinye, wata da watanni kusan babu haraji, sannan bashi ya biyo baya. Duba tambayar wanda aka yanke masa kaɗan.

To, yaya zan gyara?

Hanya mafi sauri ita ce manhajar HMRC ko asusun harajinka a GOV.UK. In ba ka taɓa buɗewa ba, za a nemi lambar inshorar ƙasa da shaidar ko kai wane ne. Takardar albashi ta kwanan nan ko P60 suna taimakawa. Da ka shiga, je wurin harajin shekarar da ake ciki. Za ka ga jerin wuraren da HMRC ke zaton kana aiki, da kod ɗin kowanne, da albashin da ta ƙiyasta maka. Duba abu uku. Tsohon wurin yana nan a matsayin wanda kake ciki? Saka ranar da ka bari. Ƙiyasin albashin sabon wurin ya yi kusa da gaskiya? Gyara shi, ka haɗa da kuɗin ƙarin awoyi da na aikin dare in kana samu a kai a kai. Akwai mota ko inshorar kamfani da ba ka da su yanzu? Cire su.

In manhaja ta gagara, kira layin harajin albashi a 0300 200 3300, Litinin zuwa Juma'a. Da sassafe, daidai ƙarfe takwas da ake buɗewa, jira ya fi sauƙi. Ka tanadi lambar inshorar ƙasa, da takardar albashi ta ƙarshe daga kowane wuri, da lambar PAYE ta kamfanin, da ranar barin wancan da ranar fara wannan. In Turancin waya yana ba ka wahala, ɗan'uwa na iya magana a madadinka muddin kana wurin ka amince. Kafin ka ajiye waya ka yi tambaya biyu: wane kod aka ba ni yanzu, kuma na tarawa ne ko da M1? Rubuta amsar da ranar da ka kira.

Ana iya rubuta wasiƙa ma, amma wannan sai wanda ba ya sauri.

Har yaushe kafin in gani a albashi?

HMRC da kanta tana cewa wanda ya fara sabon aiki ya ba ta kwana 35 bayanansa su iso. A ganina wannan shawara ce ga mai M1, wanda sau da yawa yake warwarewa da kansa bayan albashin farko. Mai BR ko 0T, da ya ga albashin farko ya bayyana a manhaja ya shiga ya gyara. Bayan gyara, ana aika sabon kod gare ka da kamfaninka cikin kwanakin aiki 15, sau da yawa ƙasa da haka. Sai dai ofisoshin albashi kan rufe lissafi tun tsakiyar wata, don haka in kod ya iso ranar 22 wataƙila sai wata mai zuwa. Ka tura musu saƙo a tabbatar sun karɓa.

Kuɗin da aka riga aka yanke fa, zai dawo?

Zai dawo. In an gyara kafin 5 ga Afrilu kuma sabon kod na tarawa ne, rarar za ta shigo cikin albashinka na gaba. Za ka ga gurbin haraji ya ragu sosai ko ya koma da alamar ragi a gabansa. Kamfanin ne ke biya ya cire daga abin da zai tura wa HMRC. In sabon kod ya zo da M1, an tsayar da asarar amma ba a mayar da ta baya ba, shi ya sa na ce ka tambaya.

In shekara ta riga ta rufe, HMRC kan yi lissafi ta aiko da takarda mai suna P800, daga watan Yuni zuwa gaba. Tun 2024 yawancin mutane ba a turo musu cek kai tsaye, sai ka shiga ka nema. In ka nema ta intanet kuɗin kan shiga banki cikin kwanakin aiki biyar. Kana da shekara huɗu daga ƙarshen shekarar harajin ka nemi haƙƙinka. Saboda haka wanda ya canja aiki shekara biyu da suka wuce bai taɓa dubawa ba, ya ɗauko P60 ɗinsa, takardar da kamfani ke bayarwa kafin 31 ga Mayu, ya kwatanta.

Ni kuma kamar an yanke mini kaɗan. In yi shiru?

Wannan ce tambayar da ake yi mini ƙasa-ƙasa. Amsa a'a. Wanda aka yanke masa da yawa ajiya ya yi. Wanda aka yanke masa kaɗan bashi ya ci bai sani ba, kuma mai bin bashin yana da duk alƙaluman a kwamfuta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yakan faru in wurare biyu duk suna amfani da 1257L, ko an zaɓi A ba bisa ƙa'ida ba, ko albashin ƙarshe na can da na farkon nan sun faɗo a wata ɗaya kowanne da rangwamensa. In bashin bai kai fam 3,000 ba kuma albashinka zai iya ɗauka, akan rage maka rangwamen shekara mai zuwa a karɓa kaɗan-kaɗan cikin wata goma sha biyu. In ya kai haka ko ya wuce, takardar neman biya za a aiko maka da wa'adi. Wanda aka gano a cikin shekarar kuma, akan rage kod ɗin nan take a saka masa X. Da ka lura da wuri, da bashin ya yi ƙanƙanta. In ba ka da halin biya a lokaci ɗaya, ka faɗa musu, ana shirya biya a hankali.

Ina da aiki biyu, ko ina ɗaukar aiki ta ejensi (kamfanin da ke tura ma'aikata wurare) a ƙarshen mako. Yaya ya kamata kod ya kasance?

Rangwame ɗaya ne ga mutum, komai yawan ayyukansa. Abin da aka saba shi ne 1257L a babban aikin, BR a ƙaramin. In babban aikin ya riga ya kai ka matakin kashi 40, ƙaramin D0 ya kamata ya zama, in ba haka ba bashi na taruwa. Matsalar da ta fi yawa bayan canjin aiki ita ce juyewar kod: ejensin da kake yi wa kwana biyu a wata ita ke riƙe da 1257L, sabon cikakken aikin yana kan BR. Ka nemi HMRC ta mayar da rangwamen inda albashi ya fi tsoka. In duka ayyukan ƙanana ne, ana iya raba rangwamen tsakaninsu.

Ejensin da ka daina amsa kiranta ba ta san ka tafi ba sai ka faɗa mata. Nemi P45 ka rufe rajistar. Batun awoyin da bizarka ta yarda ka yi a aiki na biyu kuwa, wannan dokar shige da fice ce, daban take da haraji, amma ka sani duk albashin da aka biya ka yana rubuce.

Na shigo ƙasar a tsakiyar shekara, ko ni ɗalibi ne. Rangwamena cikakke ne?

Wanda ya zama mazaunin Birtaniya a idon dokar haraji yana samun fam 12,570 cif, ba a rage masa don ya iso a Satumba. Shi ya sa sabon zuwa da ya zaɓi A yakan ga watanninsa na farko kusan babu haraji, domin rangwamen watannin da ba ya nan ya taru masa. Da Afrilu ta zagayo haraji ya fara shiga sosai, sai ya zaci an rikita masa kod. Ba a rikita ba. In kuma ya canja aiki a wannan shekarar ta farko aka ɗora shi a M1, ya yi asarar sauran tarin har sai an gyara, kamar misalin ƙanwarmu a sama.

Ɗalibi ba shi da wata doka ta daban. In abin da ya samu a shekara bai kai rangwame ba, duk harajin da aka yanke nasa ne ya nema.

Lambata ba 1257 ba ce, kuma harafin ba L ba ne. Kuskure ne?

Ba lallai ba. S a gaba na nufin adireshinka a Sikotland yake, C kuma Wales. Wanda ya bar Glasgow ya koma Manchesta bai canja adireshi a HMRC ba zai ci gaba da biyan harajin Sikotland. 1263L yawanci rangwamen fam 60 ne na wankin kayan aiki, nas-nas kuma nasu fam 125 ne. K a gaba na nufin abin da ake cire maka ya fi rangwamenka yawa, bashin baya ko motar kamfani. Ko da haka ba a yankar fiye da rabin albashi. Wanda ke samun sama da fam 100,000, rangwamensa na raguwa da fam ɗaya a kan kowane fam biyu.

M da N na ma'aurata ne. In ɗaya ba ya samun abin da ya kai rangwame, ɗayan kuma yana matakin kashi 20, ana iya miƙa masa fam 1,260, ya zama 1383M, mai bayarwa 1131N, a rage haraji har fam 252 a shekara. Amma sai auren da doka ta sani. Wanda aka ɗaura a masallaci a Ingila ba a yi masa rajista ba ba ya shiga. Kuma in maiɗaki ta samu cikakken aiki, a sake duba lissafin. Kuɗin da kake turawa iyaye a Kano ko Zinder, lada ne a wurin Allah, amma ba ya rage haraji.

Kuɗin inshorar ƙasa ma kod ne ke juya shi?

A'a. Shi kowane aiki da kowane biya lissafinsa daban: tun Afrilun 2024 kashi 8 ne a kan abin da ya haura fam 242 a mako har zuwa fam 967, sama da haka kashi 2. Gyaran kod ba ya taɓa shi.

An turo mini saƙo cewa ina bin HMRC kuɗi, in latsa. Wani kamfani ma ya ce zai karɓo mini.

Kada ka latsa. HMRC ba ta neman bayanan bankinka ta saƙon waya ko imel ko WhatsApp, ba ta kuma kira tana barazanar kamu ko soke biza, dabarar da ake yawan yi wa baƙi. Tura saƙon zuwa 60599 ka goge. In kana son sanin gaskiya, buɗe manhaja da hannunka.

Kamfanonin karɓo rarar haraji kuwa, da yawansu halastattu ne, amma suna yankar kaso mai tsoka a kan aikin da kai za ka yi kyauta cikin minti goma. Kuma kada ka ba kowa lambobin shiga asusunka, ko ɗan garinku ne; in aka yi da'awar ƙarya da sunanka, kai za a bi.

In laifin kamfani ne ko na HMRC, ni zan biya bashin?

Ba kullum ba. In HMRC ta aiko da kod daidai kamfani ya ƙi sakawa, ko ya yi watsi da P45 da ka miƙa, asalin doka shi ne a fara bin kamfanin. Ka rubuta wa HMRC ka nemi ta binciki kuskuren kamfanin. In HMRC ce ta samu bayanai ta yi sakaci da su, ta kuma sanar da kai bashin bayan fiye da wata goma sha biyu da ƙarshen shekarar da ta same su, kuma kana da dalilin zaton harajinka daidai yake, akwai sassauci mai suna ESC A19 da ake iya yafe bashin a ƙarƙashinsa. Ba a bayar da shi da sauƙi, kuma nan ne takardun albashi da ranakun kiran da ka rubuta suke amfani. Masu ƙaramin albashi na iya neman taimakon ƙungiyoyin ba da shawara, TaxAid ko Citizens Advice, kyauta. In ƙorafi ya bi matakan HMRC bai warware ba, akwai ofishin mai shiga tsakani, Adjudicator's Office.

Na bar aikin ban samu wani ba, ko zan koma gida gaba ɗaya. Sai na jira Afrilu?

Ba sai ka jira ba. In ka yi mako huɗu babu aiki, ba ka karɓar tallafi mai haraji, kuma ba ka sa ran fara wani nan kusa, fom P50 zai sa a mayar maka da rara tun kafin shekara ta ƙare. In kana sa ran farawa cikin mako huɗu, riƙe P45 ka kai sabon wuri, can za a biya ka.

Mai barin ƙasar kuma P85 zai cike, da P45 ɗinsa a hannu, sai dai in yana cikin masu cike takardar harajin kansu duk shekara, su ta nan suke bi. Wanda ya tafi a Satumba yakan tarar yana bin kuɗi, domin ya yi aikin rabin shekara ne kawai. Ka bar asusun bankinka na Birtaniya a buɗe har kuɗin su shigo, kuma ka tabbatar za ka iya shiga asusun HMRC daga can, domin lambar tabbatarwa ta layin wayar da ka yi rajista da shi take zuwa.